Cinikin Gida: Yaushe Yake Ɗauruwa, Kuma Ta Wace Ƙofa Ake Fita Daga Cikinsa?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya dukiya amana a hannun bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, gida shi ne mafi girman abin da yawancin mutane ke saye ko sayarwa a tsawon rayuwarsu. Wani sai ya yi shekara ashirin yana tara kuɗinsa. Wani kuma gidan gado ne, a nan aka haife shi, larura ce ta sa ya rabu da shi. Shi ya sa rigimar gida ba ta mutuwa da wuri. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, zaurukan masu unguwa da gidajen shari'a ba sa rabuwa da irin wannan ƙara: an yi ciniki da safe, kafin magariba wani ya zo da tayin da ya fi, mai gida ya ce ya fasa, ko mai saye ya kwana ya tashi da nadama, ya ce a mayar masa da kuɗinsa.

Tun a littafin Ahalari ɗalibi ke koyon cewa bai halatta mutum ya aikata abu ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga alwala da salla ba, ta haɗa da kasuwa. Darasin nan zai bi mas'alar bisa mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce mazhabar mutanen wannan ƙasa, sannan ya duba abin da dokar ƙasar Nijar ta tanada.

Abin da ke ƙulla ciniki

Rukunnan ciniki uku ne: masu cinikin biyu, abin da aka yi cinikin a kansa (wato gidan da kuɗinsa), da kuma lafazi ko aikin da ke nuna yarda. A wurin malaman Malikiyya babu wata kalma ɗaya tilo da aka wajabta. Duk abin da al'adar gari ta san shi da nuna yarda ya isa. Idan mai saye ya ce ya sayi gidan a kan sefa miliyan 12, mai gida ya ce ya sallama, to ciniki ya faɗa, ko da ba a ƙirga ko dala ba, ko da ba a rubuta takarda ba, ko da makulli yana aljihun mai gida.

Sai dai akwai bambanci tsakanin maganar da ta yanke da wadda ba ta yanke ba. Tayi ba ciniki ba ne. Mai gida da ya ce "albarka" bai ɗaure kansa da komai ba. Haka kuma "na sayar" daban, "zan sayar" daban. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya bayyana cewa wanda ya yi magana da sigar abin da zai zo, ɗayan ya amsa, sannan ya ce shi bai nufi ƙulla ciniki ba, za a rantsar da shi. In ya rantse ya kuɓuta, in ya ƙi rantsuwa ciniki ya hau kansa. Amma wanda ya yi magana da sigar abin da ya riga ya auku, kamar "na sayar" ko "na saya", ba a sauraron cewarsa wasa yake yi. A nan ne karin maganar Hausawa ta yi daidai da fiƙihu: magana zarar bunu ce.

Gidan ma dole ya zama sananne: wane gida ne, ina iyakarsa, me ya shiga ciki. Kuɗin ma haka, da lokacin biya idan bashi ne. Cinikin da aka ce "in an samu hali a biya saura" ba tare da ajali sananne ba, ɓatacce ne, domin jahiltar ajali jahiltar kuɗi ce.

Cinikin da ya inganta amma bai lazimta ba

Ciniki yakan ƙullu amma ya tsaya a rataye, yana jiran yardar wani. Wurare uku suka fi yawa a harkar gidaje.

Na farko, yaro mai wayo da bai balaga ba, ko wawan da ba ya iya riƙon dukiya. Cinikinsu yana jiran waliyyi, ya zartar ko ya warware.

Na biyu, wanda aka tilasta wa sayarwa bisa zalunci. Wannan ciniki bai lazimce shi ba, yana da ikon karɓar gidansa idan tilas ta gushe. Amma wanda alƙali ya tilasta wa sayar da gida don biyan bashin da ya tabbata a kansa, wannan tilas ce ta gaskiya, cinikin ya zauna.

Na uku, wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, shi ne malamai ke kira fuduli. Wannan ya yawaita a gidajen gado: babban wa ya sayar da gidan mahaifi alhali ƙannensa mata suna gidajen aurensu, wani ƙane kuma yana ci-rani a Libiya ko Abijan. Cinikin ya lazimce shi a rabonsa, amma rabon sauran yana hannunsu. Malamai sun bayyana cewa mai haƙƙin da aka yi cinikin a gabansa ya yi shiru babu uzuri, shirunsa yarda ce. Wanda ba ya nan kuwa, yana da damar warwarewa har shekara guda daga ranar da labari ya iske shi. Don haka mai hankali ba ya sayen gidan gado sai ya ga magada duka, maza da mata, ko wakilansu.

Akwai kuma cinikin da ake warwarewa saboda lokacinsa: wanda aka ƙulla ranar Juma'a daga kiran sallar da ake yi bayan liman ya hau mumbari har a idar da salla, idan ɗaya daga cikin masu cinikin yana cikin waɗanda Juma'a ta wajaba a kansu.

Ko mutum na iya fasawa kafin a tashi daga zaman?

Wannan ita ce mas'alar zaɓin majalisi, kuma saɓanin malamai a kanta sananne ne. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, daga Nafi'u daga Abdullahi ɗan Umar (R.A), hadisin da ke ba masu ciniki zaɓi matuƙar ba su rabu ba. Duk da haka bai yi hukunci da zahirinsa ba, saboda bai tarar da mutanen Madina suna aiki da shi ba, kuma babu wata iyaka sananniya ga wannan rabuwa. Malaman mazhaba suka fassara rabuwar da rabuwar magana, wato gama tayi da sallamawa. Imamu Abu Hanifa ma a kan haka yake. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad kuwa sun ɗauke ta rabuwar jiki, suka ce kowannensu na iya fasawa muddin ba a watse ba. A cikin Malikiyya ma Ibnu Habib ya bi wannan ra'ayi.

Abin da ya shahara a mazhaba shi ne na farko. Saboda haka idan mai gida ya sallama, aka yi fatiha, sannan kafin a gama shan shayi ya ce ya fasa, ba shi da wannan iko sai da yardar mai saye.

Abin da ke biyo bayan ɗauruwa

Da zarar ciniki ingantacce ya yanke, gida ya zama mulkin mai saye, kuɗi ya zama bashi a wuyansa. Lamuni ma ya koma kansa. Misali, an ƙulla ciniki ranar Laraba cikin watan Agusta, daren Alhamis ruwa kamar da bakin ƙwarya ya kayar da ɗaki biyu, ba da sakacin mai sayarwa ba. Hasarar ta mai saye ce, ko da bai kwana a gidan ba. Haka in da darajar unguwar ta tashi saboda an shimfiɗa kwalta, ribar tasa ce. Mai sayarwa yana da ikon riƙe gidan har a biya shi, amma ba shi da ikon sayar wa wani. In ya sayar, ya sayar da kayan mutane.

Shi kuma mai zuwa da tayi na biyu ya sani cewa Annabi (S.A.W) ya hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa. Imamu Malik ya fassara hanin da lokacin da masu ciniki suka karkata ga juna, suka kusa yankewa. To ina ga bayan an yanke? Dillalin da ya kawo irin wannan tayi don kwaɗayin la'ada yana da kasonsa na alhaki.

Ƙofa ta farko: zaɓin da aka shardanta

Wanda ke son lokacin tunani ko shawara, shari'a ta buɗe masa ƙofa, amma sai ya nema a lokacin ƙulla ciniki. Zai ce ya saya bisa zaɓin kwana kaza. Mai sayarwa ma na iya shardanta wa kansa, ko su biyu, ko su rataya shi ga shawarar wani.

Tsawon zaɓi yana bin irin kayan. Tufafi da dabba kwanaki kaɗan ne. Gida kuwa kamar wata guda ne, domin mai saye na bukatar ya duba gini, ya tambayi halin maƙwabta, ya binciki takardu. Shehu Dardir, wanda ya rasu a Masar a 1201 bayan hijira, ya iyakance mafi tsawonsa ga gida da fili da kwana 36. Shardanta abin da ya zarce haka da yawa, ko wa'adin da ba a san ƙarshensa ba, yana ɓata cinikin.

A cikin kwanakin zaɓi gida yana nan a mulkin mai sayarwa, lamuninsa a kansa, kuɗin hayarsa nasa. Bai halatta a shardanta biyan kuɗin gidan a wannan lokaci ba, domin kuɗin zai zama mai fuska biyu: in ciniki ya tabbata farashi ne, in ya warware rance ne da mai gida ya amfana da shi. Amma idan mai saye ya biya don ra'ayin kansa, babu sharaɗi, babu laifi. Haka nan bai halatta mai saye ya shardanta zama a gidan kyauta ba.

Zaɓi yana ƙarewa da magana, ko da aikin da ke nuna yarda. Mai sayen da ya sa ƴan haya, ko ya jinginar da gidan, ko ya fara rushe katanga don gyara, ya zaɓi ciniki ko bai furta ba. In mai zaɓi ya rasu kafin wa'adi ya cika, haƙƙin ya koma ga magadansa.

Ƙofa ta biyu: aibi

Wannan zaɓi ba ya bukatar sharaɗi, shari'a ce ta bayar da shi. Sharuɗɗansa su ne aibin ya zama tsoho, tun kafin ciniki, kuma mai saye bai san da shi ba. Abin da ido ke gani a fili ba a kawo ƙararsa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Malaman Malikiyya sun ba gida hukunci na musamman, suka kasa aibinsa uku. Akwai ɗan ƙarami wanda ba ya rage kuɗi, kamar ɓantarewar shafe a wani lungu. Wannan babu komai a kansa. Akwai matsakaici, kamar tsagewar bangon da ba a tsoron gidan ya faɗi saboda ita. A nan ba a mayar da gida, sai dai a mayar wa mai saye gwargwadon abin da aibin ya rage. Misali, masana gini sun ƙiyasta gidan lafiyayye a miliyan 12, da aibinsa kuma miliyan 10 da rabi. Ragin ya zama kashi ɗaya cikin takwas, sai a mayar masa da kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya biya. Sai babban aibi, wanda zance mafi rinjaye ya ƙiyasta shi da sulusin ƙima ko fiye, ko wanda ya yanke wani amfani na gidan, kamar tsagewar fuskar gida mai barazanar rushewa, ko rijiya mai ruwan gishiri a unguwar da ruwanta ke da daɗi. A nan mai saye na da zaɓi: ya riƙe gidan a yadda yake, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa duka.

Wanda ya gano aibi ya gaggauta magana. Shiru mai tsawo babu uzuri yarda ce. Amma zamansa a gidan lokacin da ake shari'a ba ya zubar da haƙƙinsa, kuma ba zai biya hayar kwanakin da ya zauna ba, domin lamunin gidan a kansa yake a lokacin.

Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani dalla-dalla. Wanda ya san gidansa na cika da ruwa duk damina, ya jira rani ya yi masa fenti, ya ce "ga shi nan, yadda ka gan shi", wannan magana ba ta wanke shi a gaban alƙali ba, balle a gaban Allah.

Tsada ko araha kaɗai ba aibi ba ne. Mashahurin zance shi ne ba a warware ciniki don an yi wa mutum tsada, sai idan ya bayyana wa abokin cinikinsa cewa bai san farashi ba, ya miƙa masa amana, shi kuma ya cuce shi.

Ƙofa ta uku: haƙƙin wani ya bayyana

Idan wani ya zo da hujja cewa gidan nasa ne, alƙali ya tabbatar, zai karɓi gidansa, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa.

Akwai kuma shufu'a. Ƴan'uwa uku sun gaji gida ba a raba ba, ɗaya ya sayar da sulusinsa ga bare a kan miliyan 4. Cinikin ya inganta, amma sauran biyun na da ikon biyan baren miliyan 4 ɗin su karɓi rabon, ko yana so ko ba ya so. A mazhabar Malik wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa wanda ke gari ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, wanda ba ya nan kuwa yana kan haƙƙinsa ko da tafiyar ta yi tsawo.

Ƙofa ta huɗu: iƙala

Idan duk ƙofofin nan a rufe suke, saura guda, kuma makullinta na hannun abokin ciniki. Iƙala ita ce mai nadama ya roƙi a warware, ɗayan ya yarda. Ba a tilasta kowa a kanta, amma Abu Dawud da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A) bushara ga wanda ya karɓi nadamar musulmi a ciniki, cewa Allah zai yafe masa nasa tuntuɓen. A wurin Malikiyya iƙala a gida sabon ciniki ce, saboda haka ana kiyaye sharuɗɗan ciniki a cikinta.

Kafin alƙalami da cinikin "in na samu kuɗi ka mayar mini"

Kuɗin da ake bayarwa tun farko iri biyu ne. In wani yanki ne na farashi a cinikin da ya riga ya yanke, ba ya ba kowa ikon fasawa. In kuwa an bayar da shi bisa cewa idan mai saye ya fasa kuɗin ya zama na mai gida, wannan shi ne arbun, kuma Malikiyya sun hana shi, suna ganin cin dukiya ne ba da musayar komai ba. Sigar da suka halatta ita ce in an fasa a mayar wa mutum kuɗinsa. Imamu Ahmad ya halatta arbun, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi, a zamanta na Brunai a 1993, ta halatta shi idan an iyakance lokacin jira. Mai tsantseni ya fita daga saɓani ya mayar da kuɗin.

Sai cinikin da ake kira sunya: mai bukata ya sayar da gidansa bisa sharaɗin duk ranar da ya kawo kuɗin a mayar masa. In sharaɗin na cikin ƙullin cinikin, ɓatacce ne, domin rance ne da ya jawo amfani aka sa masa rigar ciniki. Amma in mai saye ne ya yi wannan alheri don kansa bayan ciniki ya yanke, ba tare da an ƙulla shi a ɓoye tun farko ba, ya halatta.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ya yi kusa da mazhaba a asalin mas'alar. Aya ta 1583 ta nuna cewa ciniki ya kammala tsakanin mutum biyu, mulki ya koma ga mai saye, da zarar sun daidaita a kan kaya da farashi, ko ba a miƙa kaya ba, ko ba a biya ba. Aya ta 1589 ta ɗauki alkawarin sayarwa da ɓangarori biyu suka amince da kaya da farashinsa a matsayin ciniki. Inda suka rabu shi ne aya ta 1590: idan an yi alkawarin da kuɗin kamu, kowa na iya janyewa, wanda ya bayar ya yi hasararsa, wanda ya karɓa ya mayar da ninki biyu. Wato mai gidan da ya karɓi miliyan 1 ya fasa, zai biya miliyan 2.

Sai dai ƙulluwar ciniki daban, tabbatar da shi a gaban hukuma daban. Gidan da ke da takardar mallaka ta dindindin yana ƙarƙashin tsarin rajistar filaye da aka gada daga dokar 1932, kuma a wannan tsari haƙƙin mai saye ba ya zama hujja a kan sauran mutane sai an shigar da sunansa a rajista. Mutum na iya biyan kuɗi duka, wani da aka sayar wa daga baya ya riga shi rajista, shi a bar shi da bin wanda ya cuce shi. Saboda haka a duba takardar fili a ma'aikatar magajin gari ko ofishin filaye kafin a biya, a rubuta ciniki a gaban noter, a sauya suna ba da jinkiri ba. Wannan bai saɓa wa addini ba. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka.

Abin da ya kamaci mai neman tsira

Hukuncin alƙali yana bin zahiri, ba ya halatta abin da mutum ya san haram ne a zuciyarsa. Wanda ya sallama gidansa a gaban Allah, sannan ya fake da cewa ba a sa hannu ba don ya samu ƙarin miliyan ɗaya, wataƙila ya ci nasara a kotu, amma ya ci amana. Wanda ya rantse cewa bai nufi ciniki ba alhali ya nufa, ya sayi gida da rantsuwar ƙarya. Wuridi da azumin nafila ba sa goge haƙƙin bawa, sai an mayar ko an yafe.

Saboda haka mai sayarwa kada ya ce ya sallama sai zuciyarsa ta sallama, ya shawarci iyalinsa tun kafin ya zauna da mai saye. Mai saye in yana shakka ya nemi zaɓin kwanaki sanannu, a rubuta. Wanda aka zo wa da nadama ta gaskiya, kamar dattijon da ya sayar da gida cikin ruɗewar rashin lafiya sannan Allah ya kawo masa mafita, ya tuna cewa yana da haƙƙin ƙi, amma karɓar iƙala ita ce matakin ihsani. Idan mas'ala ta rikice, a kai ta gaban malamin da ya san babin ciniki tun kafin zumunci ya lalace.

Allah ne mafi sani. Allah ya azurta musulmi da halal mai albarka, ya tsare su daga cin haƙƙin juna, ya sanya gidajensu wuraren ambatonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.